Wasiƙar da Auta Bai Rubuta Ba

Shekaranjiya aka kawo mini katin ɗaurin auren ɗan wata maƙwabciyata. Kati ne mai kyau, fari ƙal, an buga sunan ango da na amarya da irin rubutun nan na kwamfuta da ake yi don ya yi kama da na hannu. Haruffan a haɗe suke, sun ɗan kishingiɗa dama, wutsiyoyinsu na lanƙwasawa ƙasa. Na sa tabarau na duba shi da kyau. Wanda ya ƙirƙiro shi ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba, sai dai duk inda harafi ya maimaitu za ka tarar shi ne sak, ba ƙari ba ragi, alhali babu ɗan Adam ɗin da hannunsa ke yin haka. Ban san lokacin da na juya katin na shafa bayansa da babban yatsa ba. 'Yata da ke zaune kusa ta ce, "Mama, me kike nema a baya? Ai babu komai a nan." Na ce mata na sani. Ban ƙara komai ba, don labarin ba na amsar tsaye ba ne, shi ya sa na zauna zan ba ku shi a tsanake.

A Jibiya aka haife ni, a wani gidan ƙasa da ke bayan tasha, inda in ka hau katanga kana hango hanyar da ta miƙa zuwa kan iyaka. Mu ba mu ɗauki iyakar nan a bakin komai ba. Ganguna biyu ne da doguwar sanda a gicciye, 'yan kwastan na zaune a inuwar bedi ta wannan gefe, can gaba kuma 'yan duwan, wato kwastan na Nijar, da jandarmominsu. Rabin danginmu suna tsallake, kakata ma, mahaifiyar babana, daga ƙasar Maraɗi aka auro ta. Ta haihu da yawa, biyu ne suka tsaya mata. Babba shi ne babana, manomi mai gona a hanyar Farfaru, mutum mai kaifi ɗaya da bai iya doguwar magana ba. Sai ƙanensa da muke kira Baba Ƙarami, ita kuwa Kaka ba ta taɓa kiransa da komai ba sai Auta.

Tun yana yaro wan Kaka ya ɗauke shi riƙo can tsallake, aka sa shi lakwal, wato makarantar bokon Faransa. Ya dawo da Faransanci a baki, amma babban abin da ya dawo da shi hannu ne. Rubutun da ake koya mana a makarantun nan gida a warwatse yake, kowane harafi tsaye shi kaɗai kamar an yi faɗa. Shi kuwa in ya ɗora alƙalami a farkon kalma ba ya ɗagawa sai ya kai ƙarshenta. Layinsa yakan karkata dama kaɗan, kamar gero in iska ta bi ta kansa. Dogayen haruffa yana yi musu ƙawanya a sama, masu wutsiya kuma ya saki wutsiyar ta sauka ƙasan layi, ta murɗo ta kamo na gaba. In zai ja ƙasa sai ya danne, in zai hau sama ya sassauta, don da alƙalamin tsomawa a tawada aka koya masa, kuma ko da biro ya zo bai bar dannewar ba. Ba rubutun ado ba ne irin na takardar shaida. Da sauri yake yinsa, yana hira yana dariya, wani lokaci layin ya gangara, wani harafin ya fi ɗan'uwansa ƙiba. Amma in ka gan shi sai ka ji kamar mutumin ne ke zaune gabanka yana yi maka magana.

Hannun nan shi ya ciyar da shi. Yana da benci a bakin tasha, da akwatin katako mai takardu da gwangwanayen fenti. Mai shayi ya kawo allonsa a rubuta masa. Matan da za su kai kwanuka gidan biki su aiko a sa musu suna a gindi don kada su ɓace cikin na jama'a. Fatake su kawo buhuna. Fiye da komai kuwa wasiƙu, na masu 'ya'ya a Kano da Kurmi da Yamai, ya saurari abin da tsoho ke son faɗa, ya tace, ya zuba shi a takarda. Ya kuma san inda hannunsa ba ya shiga. Takardun kwastan da direbobi ke kawowa sai da manyan haruffa a rarrabe, yana cika su yana tsaki, yana cewa rubutun sojoji ke nan, kowa ya ƙame. Kirarin da ake rubutawa a goshin babbar mota ma da manyan yake yi, don a karanta daga nesa. Sai can jikin ƙofa, inda direba ke dafawa in zai hau, nan yake sa masa laƙabinsa da hannunsa na gaskiya. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "Rubutun nesa daban, na kusa daban. Nawa na kusa ne."

Ana nan sai kuɗin man fetur suka buɗe. Mu dai ba mu ga man ba, abin da ya jawo muka gani. Motoci suka yawaita har layinsu kan kai bakin kasuwa, siminti da rediyo da babura suka cika gari, mutanen tsallake da fari ya cinye wa dabbobi suna ta kwararowa neman aiki, samarinmu kuma suna ta gangarawa kudu. Baba Ƙarami ya ji labarin a tashar jiragen ruwa ta Ikko ana neman masu jin Faransanci. Kaka ba ta so ba, amma ba ta hana ba. Ran da zai tafi, da hantsi, ta rako shi har zaure tana dogara sanda, ta riƙe masa hannun dama ta ce, "Ka riƙa aiko mani da hannunka, Auta. Ko ba ka da abin cewa, ka aiko hannunka."

Ya kuwa cika alkawari. Kusan duk wata wasiƙa na zuwa ta gidan waya, a ajiye ta wurin wani mai shago a bakin tasha, ni nake karɓowa tunda ni ce 'yar makaranta a gidan. Kaka ba ta karatu, ba boko ba ajami, ga yanar ido ta fara rufe mata gani. Duk da haka ba a isa a karanta wasiƙar nan ba sai ta fara bi ta hannunta. Takan buɗe da kanta, ta kawo takardar dab da hanci ta ga karkatar layukan, sannan ta juya bayanta ta bi da babban yatsa a hankali, inda dannewar biro ta taso da haruffan. Sai ta ce, "Shi ne. Lahiya lau yake, ga shi ya danne." In layin ya gangara da yawa ta ce ran nan a gajiye ya yi rubutun, in ya yi ƙanana ta ce yana da damuwa, kuma sau da yawa in na karanta sai mu tarar haka ne. Bayan ta gama nata karatun take miƙo mini ta ce, "To, uwar iyayi, karanta mani naki." Daga nan takardar ta shiga wani kwano mai murfi da ke ƙarƙashin gadonta.

Uwar iyayi ta ce, kuma ba ta yi ƙarya ba. Ni yarinya ce mai son a ce na iya. Tun da wasiƙun nan suka fara zuwa na ɗauki aniyar sai na kwaikwayi hannun Baba Ƙarami. Bayan kowane littafina cike yake da ƙawanyoyi da wutsiyoyi. Malaminmu na aji huɗu ya sha zane mini tafin hannu, yana cewa shi bai koya mini zanen tsutsotsi ba. Ni kuwa kunnen ƙashi gare ni, in ya juya baya in ci gaba. Kafin shekara ta zagayo na kai inda ƙawayena ba sa bambance nawa da nasa.

A ƙarshen wata bazara, hadari ya fara haɗuwa ana ta gyaran gona, wata wasiƙa ta zo da ba ta yi kama da sauran ba. Tun daga ambulan ɗin rubutun inji ne. A ciki Baba Ƙarami yana ba mu albishir cewa an ɗaga shi ya zama akawu, an ba shi tebur da tafireta, kuma wannan ce takarda ta farko da ya buga wa gida don mu gani da idonmu. Har sunansa da injin ya buga shi a ƙasa, da manyan haruffa, bai sa ko ɗigo da alƙalami ba. Ni murna kamar in yi tsalle. Babana ma da bai cika fara'a ba sai da ya murmusa. Kaka ta karɓa, ta kai hanci, ta juya, ta shafa. Ta daɗe tana shafawa.

"Wanga ƙuraje ne, ba hannu ba," in ji ta. "Wa ya rubuta?"

Na ce, "Baba Ƙarami ne, Kaka, da inji ya buga."

Ta ce, "Ni inji na haihwa?" Ta ajiye takardar a tabarma, ba ta ce in karanta ba, ba ta kuma sa ta a kwano ba.

Sai na faɗa muku abin da Kaka ta sani, wanda ni a lokacin ban sani ba. A wurinmu in mutum ya rasu a nesa, uwarsa kuma tsohuwa ce ko marar lafiya, ba a faɗa mata kai tsaye. Akan ɓoye, wani lokaci har watanni, sai an sami babban da ya isa ya zauna gabanta ya faɗa. Kafin nan kowa na gidan ya san abin da zai ce in ta tambaya. Shekaru kaɗan kafin wannan an yi wa wata tsohuwa maƙwabciyarmu haka, da ɗanta ya mutu a fataucin goro a Kurmi. Kaka na cikin matan da ke zuwa taya ta hira suna cewa ai an gan shi lafiya. Wasiƙun da aka riƙa karanta mata da sunan ɗan nata kuwa, a kan bencin bakin tasha aka rubuta su, Baba Ƙarami ne ya rubuta da izinin manya. Don haka Kaka ta san takarda na iya yin ƙarya, ta san yadda ake shirya ta, ta san har irin fuskar da ake sawa in za a miƙa ta. Wanzami dai ba ya son jarfa. Abu ɗaya ta yarda ba za a iya yi mata ƙarya da shi ba, shi ne hannun ɗanta, ga shi kuma an wayi gari babu shi.

Babana ya ɗauka rikicin tsufa ne. Duk da haka ya ba wani direban motar shanu saƙo, ya ce in ya isa Ikko ya nemi ƙanensa ya ce masa Inna na son ya rubuto da hannu. Direban ya yi mako uku ya dawo. Mutum ne mai gaskiya, gaskiyar tasa kuma ta ƙara ɓata lamarin, don a gaban Kaka ya ce shi bai gan shi ido da ido ba, ya je masaukinsa an ce yana wurin aiki, sai ya bar saƙon wurin abokin zamansa. Kaka ta gyaɗa kai kawai. Ba da jimawa ba wasiƙa ta biyu ta iso tare da turmin atamfa, ita ma bugun inji. Yana cewa a gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta, yanzu haka manyan ma'aikata ke rubutu, kuma yana nan tafe da Babbar Sallah. Da wasa ya faɗa, na san muryarsa, ina karantawa ina jin dariyarsa. Kaka ba ta taɓa atamfar ba. Ta ce zane kowa na iya saye.

Damina ta kankama, babana kullum yana gona, mahaifiyata na fama da goyo. Ni ce ke zama da Kaka, ni ke ganin yadda take raguwa. Ta bar tsokanata. Furar da takan shanye ta sa a ƙaro, yanzu sai ta kurɓa biyu ta ture. Abin ya dame ni ƙwarai, don duk gidan babu wanda nake so kamarta. Ran da mai shago ya miƙo mini wasiƙa ta uku na ga ambulan ɗin bugun inji ne, sai wata dabara ta faɗo mini, na kuma ji daɗin kaina da na yi tunaninta. Ban kai wasiƙar gida ba. Na ɓoye ta a jakar makaranta, na ciro takardu daga tsakiyar sabon littafina, na zauna gindin wata tsamiya a bayan ajinmu bayan an tashi, na shiga kwafe ta da hannun Baba Ƙarami. Kwana biyu ina yi. Na ɓata takarda huɗu, ta biyar ta fito yadda nake so, har gangarar layin sai da na yi mata. Na ninke ta yadda yake ninkewa, na sa a ambulan ɗin. Ban shawarci kowa ba. A zuciyata magani na haɗa, kuma ina ta ƙiyasta ranar da za a gane a ce kai, yarinyar nan akwai basira.

Bayan la'asar na same ta a ƙofar ɗakinta tana tsinke zogale. An yi ruwa da rana, ƙasa na ƙamshi, kaji na tono a gindin rumbu. Na durƙusa na miƙa mata na ce, "Kaka, ga hannun da kike nema."

Ta goge yatsunta a zane, ta buɗe, ta kai hanci. Wallahi har yau ina ganin fuskar nan. Ta washe gaba ɗaya, ta ce, "Alhamdu..." Sai ta juya bayan takardar ta ɗora yatsa. Ta bi layin farko. Ta koma ta sake bi. Ta gangara har ƙasa. Ina kallo hasken ya bar fuskarta kaɗan kaɗan, ni kuma sai a lokacin na tuna abin da na manta. Na kwaikwayi duk abin da ido ke gani, amma hannuna na 'yar shekara goma sha ɗaya ne, bayan takardar sumul yake.

Ba ta yi faɗa ba. Ta lalubo hannuna na dama, ta juya shi, ta shafa yatsan da biro ya yi wa kanta. Ta ce, "Hannunki ya yi kyau, ɗiyata. Amma ba ki da nauyin shi." Sannan ta ce, "Wa ya sa ki? Ubanki?"

Na fashe da kuka ina rantsuwa babu wanda ya sa ni, Baba Ƙarami na nan da ransa, ga ma ta injin a jakata.

"Haka muka ce ma waccan tsohuwar," in ji ta. "Ni ba ni jin haushinki. Ki dai gaya mani yaushe ne, in san kwanan ɗana."

Da babana ya dawo daga gona na faɗa masa komai, na nuna masa ta asalin. Ya shiga ɗakinta da laka a ƙafa, abin da bai taɓa yi ba, ya tsuguna ya ce, "Wallahi Inna, iyakar sanina yaron nan yana raye." Ta ce, "Iyakar saninka." Ya fito ya wuce ni a tsakar gida, bai dake ni ba, bai ko harare ni ba. Da ya dake ni da na fi samun sauƙi. Kafin ranar nan Kaka zargi take yi, tana kwana tsakanin e da a'a. Ni na ba ta tabbaci, don a ganinta ba a ƙirƙiro hannun mai rai. Garin neman gira na rasa ido.

Washegari ta sa aka jiƙa mata gero, ta daka gumba da kanta tana hutawa, ta ƙi yarda mahaifiyata ta karɓi taɓaryar. Ta rarraba wa yaran unguwa, ba ta ce ta mece ce ba, amma babu wanda bai san gumbar da ake yi wa mamaci ba. Abin da ya fi ci mini rai a kwanakin nan shi ne ita kaɗai ta yi zaman makokinta. Babu wanda zai zo ya yi mata gaisuwa, tunda babu wanda ya mutu. Matan da ke shigowa su ce mata ai Auta na nan lafiya, ita kuwa ta dube su da idon wadda ta taɓa faɗin irin wannan maganar. Ta daina fita zaure ranar kasuwa, inda da takan zauna tana tambayar 'yan tsallake labarin danginta. Carbi kawai, sai kallon bango.

Da babana ya ga abin ya wuce wasa, ya bar noma ya hau mota zuwa Katsina ya buga talgiram, saƙon gaggawa na gidan waya, ya ce Inna ba lafiya, ka zo. Amsa ta dawo cikin kwanaki, ita ma dai bugun inji ce, wai ba a ba shi hutu ba sai Sallah. Babana ya ninke ta ya sa aljihu, bai ko nuna mata ba. Akwai abu ɗaya da zai iya warware komai, kuma a hannuna yake. Da na zauna na rubuta wa Baba Ƙarami gaskiyar abin da na yi da abin da Kaka ta ɗauka, da ya gane nan take, shi da ya rubuta wa waccan tsohuwar. Na san adireshin, na san inda ake sayen kan sarki. Kunya ta hana ni. Na kasa jure ya san na saci hannunsa na yi ɓarna da shi, sai na riƙa ce wa kaina ai Sallah ta kusa.

Ba ta kai Sallar ba. Ana cikin yankan gero, wata safiya da hantsi, ta cika a hannun mahaifiyata. Maganar da ta yi ta ƙarshe mai ma'ana ita ce, in an gano inda aka rufe Auta, wani ya je ya yi masa addu'a a kai, kada a bar shi cikin baƙi shi kaɗai.

Ya iso ana gobe sadakar bakwai, da wando mai kari da agogo a hannu da akwati cike da tsarabarta. Wasu daga cikin masu zaman makoki sai da suka zabura da ya yi sallama, don zancen gumbar ya zaga unguwa. Ya yi kuka a zaure irin wanda ban taɓa ganin namiji ya yi ba. Babana ne ya ba shi labarin, a taƙaice yadda ya saba, bai ambaci sunana ba.

Bayan an watse da kwana biyu, mahaifiyata ta ɗauko kwanon nan ta ba shi. Ya zauna a ƙofar ɗakin Kaka da safe yana fito da wasiƙun ɗaya bayan ɗaya, duk sun yi laushi don shafa. A can ƙasa ya tarar da tawa. Ban san ta ajiye ta ba, na ɗauka ta jefa a murhu. Ina leƙensa daga madafa, na ga ya karanta, ya ɗaure fuska, ya sake karantawa. Rubutunsa ne, maganarsa ce, amma bai tuna ya yi ba. Ya ɗago ya kira ni.

"Wa ya yi wannan?"

Na ce ni ce, kaina a ƙasa.

"Kwana nawa ta ɗauke ki?"

Na ce biyu.

Ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce, "Ni kafin shayi ya huce da na gama ta." Sai ya ƙara da cewa, "Ke kin zauna kin rubuta mata. Ni da ta haifa ban zauna ba."

Na ce, "Baba Ƙarami, ni na kashe ta."

Ya ce, "Kul, kada in ƙara ji. Kwananta ne ya ƙare. In kuwa akwai wanda za a tambaya kan takardar nan, ba ke ba ce."

Ya koma Ikko, ya yi aikinsa har ya yi ritaya, ya dawo Jibiya ya tsufa a cikinmu. Mutum ne mai kirki har ƙarshensa, sai dai dariyar nan tasa ba ta dawo duka ba. Tsofaffin da suka san shi sukan kawo takarda su ce ya yi musu irin rubutunsa na da, ya ce hannun ya manta, ya yi musu da manyan haruffa. Ni ma ban ƙara haɗa harafi da harafi ba. Na yi shekara talatin ina koyarwa a firamare, kuma ban taɓa dukan yaro a kan rubutu ba. Mun zauna da shi sau ba adadi, mun yi hirar duniya, amma maganar nan ba mu sake tayar da ita ba har ya koma ga Allah. Ya ɗauke mini laifin da baki, na kuma gode masa, sai dai na san abin da na sani. Shi bai san halin da ake ciki ba, ni na sani na yi shiru.

Yanzu babu mai benci a bakin tasha, babu mai jiran wasiƙa wata guda. Ɗana na fari yana aiki a wata ƙasa mai nisa, kullum da safe saƙonsa na shigowa wayata, Mama ina kwana, muna lafiya. Rubutun iri ɗaya ne da na kowa, da na banki da na masu talla, ko wa ya riƙe wayar haka zai fito. Ba na zarginsa da komai, zamaninsu ne. Amma ba na amsawa da rubutu. Nakan danna kira in jira, ko yana tsakiyar aiki. Yakan ɗauka yana dariya ya ce, "Mama, ai ga shi yanzu na rubuto miki." In ce na gani, yi magana dai in ji.